Tocilar Yayana da Idon Ɗana

Ranar da aka yi jana'izar yayana ina tsugune a bayan zanar da ta raba cikin gida da waje, ina jin duk abin da maza ke yi. Da aka idar da salla, liman ya juyo ya ce wa jama'a duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa tun ba a ɗauke shi ba. Muryoyi suka tashi ta ko'ina, mun yafe, mun yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni kuwa murya ɗaya nake nema a cikinsu, ta ɗansa na fari, wanda ni na goya shi na raine shi har ya zama magidanci. Ban ji ta ba. Na leƙa ta wata 'yar kafa a jikin zanar, na hango shi a sahun gaba, kai sunkuye, baki rufe. Liman ya ɗan dakata yana dubansa, na kusa da shi ma suka dube shi, sannan aka ɗauki makara. Kunyar da na ji a wurin nan, na so ƙasa ta tsage in shige.

A cikin gida ma ba a bar ni na huta ba. Mata sun cika tsakar gida, na Illela da na Garu da waɗanda suka ƙetaro daga Ƙonni. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce Allah ya jiƙan maƙeri, mutum ne mai alheri, sai dai hannunsa bai san zama ba. Wata baƙuwa da ba ta san ni ce ƙanwarsa ba ta raɗa wa ta kusa da ita, wai shin wannan ne wanda ya tsiyayar wa ɗansa ido? Aka zungure ta, ta yi tsit. Wani tsohon Bafulatani daga wajen Araba ya ajiye ƙwaryar nono a ƙofar zaure, ya koma gefe ya zauna yana share hawaye da bakin rawani. Can ya tashi ya kama hanya.

To, shi ya sa na ce sai na faɗi nawa. Idan na yi shiru, abin da zai rage na yayana a bakin mutanen garin nan shi ne ido ɗaya, alhali mutumin ya fi haka. Ba kuma zan wanke shi ba, don wanda ya rasa idon ɗana ne.

Mu 'ya'yan maƙera ne. Ubanmu fartanya da gatari ya ƙera har ya mutu, yayana ma da su ya fara. Da Nasara suka zo, suka ja iyakarsu tsakaninmu da Ƙonni, sai gwangwani ya fara shigowa, na kananzir da na wasu abubuwan da ba mu san sunansu ba. Yayana ya ajiye baƙin ƙarfe ya koma wa gwangwani da dalma. Yana yin aci-balbal, da mazurari, da buta, da ludayi, kuma duk fitilar da ta lalace daga nan har Araba wurinsa take zuwa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya gan shi. Maganarsa kullum ita ce, "Kawo in ɗan taɓa shi." Lafiyayyen abu ma sai ya ɗan taɓa shi. Ya taɓa karɓar fitilata wadda ba abin da ya same ta, ya faɗaɗa mata bakin lagwani wai don ta ƙara haske. Ta ƙara hasken kuwa, ta shanye mini mai kamar ana binta, ta mayar mini da rufin ɗaki baƙi ƙirin. Na kai masa ita ina masifa, yana dariya yana cewa ai ban ce ba ta yi haske ba. Na rantse ba zan ƙara ba shi ko cokali ba, kuma ban cika rantsuwar ba.

Amma ku tambayi matan da mazansu suka mutu a unguwarmu. Idan suka aiko da fitila, gyararriya take komawa, cike da mai, in an tambaye shi ya ce ragowar gwaji ne. Bafulatanin nan da ya zo da nono, shekarar da ciwo ya kashe masa shanu, a maƙerar yayana ya yi rani yana kwana yana ci. Yayana ya riƙa ce wa mutane ɗan'uwansa ne ya zo koyon sana'a, don kada a ce bara yake yi. Bai koyi komai ba, ko zuga bai iya ba, amma ya koma da mutuncinsa.

Da matarsa ta haifi ɗan fari, aka sa masa sunan ubanmu. Kun san halinmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da shi. To shi yayana kunyar ta zo masa biyu, ga ɗan fari ga sunan uba, kuma dama can shi mutum ne da ya ɗauki kunya da zafi, har Fulanin da yake hulɗa da su suna yaba masa. Ana yaye yaron aka miƙo mini shi, ni da ban taɓa samun ɗa mai rai ba. Tun daga ranar, a bakin yayana sunansa "ɗanki", in kuma ba na kusa, "wancan". Amma ni na san abin da na gani. Na taɓa kama shi tsugune a ƙofar ɗakina yana auna sawun yaron a rairayi da tsinke. Da ya gan ni ya ce allura yake nema. Bayan 'yan kwanaki baduku ya aiko da takalmi daidai ƙafa, wai wani ne ya sa a yi bai dawo ya karɓa ba.

Da ɗana ya girma sai ya riƙa zuwa maƙera yana yi wa ubansa zuga. Ba sa magana. Da guduma suke zance. In yayana ya ƙwanƙwasa uwar maƙera, a zuga, in ya sake ƙwanƙwasawa, a tsaya. Mutane na zuwa su zauna su yi kallo suna cewa kai, ga gidan da aka san kunya. Ni ma, Allah ya sani, ina jin daɗin yabon. Ranakun kasuwa kuwa sai ɗana ya ɗora fitilu da butoci a jaki, ya bi ayari zuwa Ƙonni tun kafin gari ya waye, don su riga rana.

Wata damina, a wannan hanya, kububuwa ta sari abokin tafiyarsa. Ɗana na bayansa, taki kaɗan ne tsakaninsu. Aka dawo da saurayin a kan jaki, jini na fita ta hanci da dasashi, bai kwana biyu ba ya cika. Da labari ya iso maƙera, yayana bai ɗaga kai ba, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da liƙi. Amma matarsa ta gaya mini tuwon da ta kai masa haka ta ɗauko shi.

Ba a daɗe ba ya sayo tocila wurin wani falke da ke sarin kaya a kantin Sakkwato. A lokacin tocila sabon abu ce a wurinmu, sai ma'aikatan Nasara da manyan fatake. Wadda ya samu irin ta talakawa ce, jikinta sakayau, batir biyu take ci, haskenta ja-ja, in ka haska ƙasa da ƙyar kake rarrabe igiya da maciji. Ya ce wa mutane aikin wani attajirin Ƙonni ne. Ni kaɗai ya kira gefe ya ce, "Ta ɗanki ce, don hanya. Amma hasken bai isa ba, sai na ɗan taɓa ta. Kada ki faɗi." Na ce masa ya ba shi haka nan mana, ai ta fi duhu. Ya ce bai ga amfanin fitilar da za ta nuna maka maciji bayan ka taka shi ba.

Ya yanko gwangwani ya naɗe, ya liƙa da dalma, ya ƙara mata tsawo har ta ɗauki batir huɗu. Ya goge madubin da ke bayan ƙwan da toka har yana ɗaukar ido. Da yake ba ya so a gani, da tsakar rana yake gwadawa, sai ya hau rumbu ya shige, ya ce matarsa ta rufe bakin. Magidanci da furfura a gemu, a cikin rumbun gero da rana tsaka. Ƙwan ya yi wal, fari fat, ya mutu nan take. Ya sa wani, shi ma haka. Matarsa ta ce tana jinsa daga ciki yana tsaki yana yi wa ƙwan faɗa kamar mutum. Daga baya ya samo wani ƙwai mai ƙarfi wurin wani direban Faransawa a Ƙonni. Wannan ya jure, ya kuma yi hasken da ya ce har ƙwayar gero yana iya ƙirgawa. Sai dai jikin tocilar na yin zafi a hannu, kuma kafin ka ce me ta zuƙe batir ɗin ta bar su fanko.

Nan ne wani tsohon sojan Faransa ya gaya masa cewa batir in ya yi sanyi, a shanya shi a rana, yana ɗan farfaɗowa. Ya gwada, ya ga gaskiya ne. Sai ya yi lissafin maƙeri, cewa abin da rana za ta yi a wuni, wuta za ta yi shi kafin a sha ruwa. Na ce masa, Yaya, wannan abin Nasara ne, ba ka san cikinsa ba. Ya ce ya fasa ɗaya ya gani, ba komai ciki sai baƙin gari mai danshi da ɗan sanda a tsakiya, an toshe bakin da kwalta. Mi zai ji tsoro? Abin da bai yi tunani ba shi ne abu mai danshi da aka toshe wa baki, in ya ji wuta, sai ya nemi hanyar fita.

Ranar, bayan azahar ne. Ya faki idon ɗana ya tura batir ɗin cikin toka mai zafi a gefen murhun, ya rufe, don kada yaron ya gani ya gane abin da ake shirya masa. Nufinsa su ɗan ji ɗumi ya ciro. Sai wasu baƙi suka yi sallama a ƙofa da fitilun gyara, ya ajiye guduma ya fita. Ɗana bai ji ƙwanƙwasar tsayawa ba, don haka ya ci gaba da zuga, wuta ta yi ja ta ci har gefe. Yayana na tsaye a ƙofa ya waiwayo. Ya ga wutar, ya ga yaron ya saki zuga-zugi ya sunkuya yana duban abin da ke huci a cikin toka. Shi da kansa ya gaya mini daga baya cewa ya buɗe baki. Ba shi da sunan da zai kira, ga baƙi tsaye suna kallonsa, kuma tun da aka haifi yaron bai taɓa ɗaga murya ya yi masa magana a gaban mutane ba. Sai ya juya yana neman abin da zai ƙwanƙwasa. Kafin hannunsa ya kai ga ƙarfe, abin ya fashe.

Ina daka na ji ƙarar, sannan na ji muryar ɗana. Ban san lokacin da na isa ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Na same shi a ƙasa, rabin fuska baƙi da kwalta mai zafi da wannan baƙin garin, yana murza ido, ni kuma ina riƙe hannunsa ina roƙonsa ya bari. Muka zuba ruwa, muka zuba madara, aka kira wanzami, aka kira mai magani daga Garu. Fuskar ta warke ta bar tabo. Idon hagu kuwa ya yi fari, ya tsiyaye, ya rufe.

Duk kwanakin da yaron ya yi kwance a ɗakina, ubansa bai shigo ba. Yakan zo ya tsaya bayan ɗaki da asuba, in ji tarinsa, in fita, ya tambaye ni yaya mai jiki, ya tafi. Da farko mutane suka ce dauriya ce irin ta manya. Da baƙin nan suka baza abin da suka gani, sai magana ta juya. Aka ce rawar kai ce, aka ce son a sani ne, aka ce kwaɗayin aikin attajiri ya sa ya sayar da idon ɗansa. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Mai-ƙarin-haske. Na yi wata da watanni ba na iya ratsa kasuwa sai na ja mayafi na rufe fuska, ni da aka sani da baki.

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na same shi a maƙera ya sa tocilar a uwar maƙera yana daddaka ta da guduma. Na ce masa dukan gwangwani ba zai mayar da ido ba, ya tashi ya shiga ya duba yaron, ya ce masa sannu da bakinsa. Ya ce da wace fuska? Na ce da wadda ya shiga rumbu da ita. Na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta, na ce kunyar da ta hana shi ihu ita ce yanzu ta hana shi sannu, in ya ga dama ya dafa ta ya ci. Ya sunkuyar da kai yana juya guduma a hannu, hawaye na ɗiga a kan toka. Amma bai tashi ba.

Sai na koma na gaya wa ɗana gaskiya, cewa tocilar tasa ce, don macijin hanya aka yi ta. Na ɗauka zai huce. Sai ya ce, "Goggo, in tawa ce, bakinshi ciwo shika yi? Ni ba idona nika biɗa ba, ya tafi. Magana guda nika biɗa, daga gare shi zuwa gare ni, ba ta hannunki ba." Na kai wa yayana saƙon. Ya ce in ce masa ya yi haƙuri. Na dawo da wannan, ɗana ya ce ai wannan ta hannuna ce. Haka na zama jakar saƙo tsakanin uba da ɗa, ina kai abin da ba ya isa, ina dawo da abin da ba a karɓa.

Shekaru suka tafi a haka. Ɗana ya yi aure, ya gina ɗaki a gefena, ya ci gaba da fataucinsa. Kullum da safe zai je ƙofar maƙera ya tsuguna ya gaida ubansa, uban ya amsa yana kallon aikinsa. Ba wanda zai ce an yi rashin ladabi. Amma bai ƙara taka cikin maƙerar ba, bai ƙara taɓa zuga-zugi ba. Da aka haifa masa ɗa, yayana ya samu wurin sauke baki, tunda jika abokin wasa ne. Sai ya ɗauki jaririn da bai san komai ba, ya ɗaga murya yadda uban zai ji daga ɗaki, yana cewa kakanka wawa ne, kakanka ya yi ɓarnar da dalma ba ta liƙewa. Ni na ɗauka wannan ma wata hanya ce. Ɗana kuwa abin ƙara ƙona masa rai ya yi, ya ce wato jariri ma ya fi shi samun magana.

Shi kuma yayana, tun daga ranar ban ƙara jin "kawo in ɗan taɓa shi" a bakinsa ba. Abin da ya lalace zai mayar da shi yadda yake, ko kaɗan ba ƙari. Tocila ta yawaita, samari suka riƙa zuwa wai ya ƙara wa tasu tsawo, don duk da abin da ya faru, labarin hasken nan na cikin rumbu ya zaga. Sai ya zaunar da su ya ce wanda ya ƙera ta ya auna ƙwanta da batir ɗinta, in ka ƙara ɗaya ka ci zalin ɗaya, kuma ranar da ka fi bukatarta ranar za ta mutu a hannunka. Ya ce kada su kai batir kusa da murhu, kada su fasa shi, in ya fara zubar da ruwa su wanke hannu kafin su taɓa ido ko abinci. Wasu su ji, wasu su fita suna ƙunshe dariya. Har ya kai yana bin juji yana tsintar matattun batir, don kada mata su share su cikin shara su cinna wuta, ya kai bayan gari ya binne. Tsoho da gemu fari yana tonon juji da sanda, yara na binsa. Wallahi in na hango shi hanya nake sakewa, don kunya. Amma tun da yake yi, ban ji wani ya ƙara rasa ido a Illela ta wannan hanya ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, hayaƙin gawayi da dalma na shekara da shekaru. Da na ga jikin ya ƙi, na zauna kusa da shi na ce, Yaya, ka fi ni sani, hakkin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Ya ce ya sani. Na ce to? Ya kwana yana juyi. Washegari bayan la'asar ya ce in kira ɗana, amma in zaunar da shi ta yadda idon da ba ya gani ne zai fuskanci gadon. Na fitar da kowa. Ɗana ya shigo ya zauna yadda aka ce. Yayana ya jawo mayafi ya rufe fuskarsa duka, sai murya.

Ya fara, "Ki ce wa ɗanki..."

Na ce, "Ba ni faɗi. Na gaji da aike. Ga shi nan, kunnenshi biyu lafiya lau."

Na yunƙura zan fita, ya laluba ya kama bakin zanena, na koma na zauna. Numfashinsa yana ta ƙugi. Sai ya kira sunan. Sunan ubanmu, sunan ɗana, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba tun muna yara. Ya ce, "Ranan nan na gan ka. Na ga ka sunkuya, na san abin da ke cikin toka. Da na yi ihu da ka ɗaga kai. Kunya ta hana ni. Ni na yi maka wanga abu. Ka yafe mini."

Na dubi ɗana ina jira. Mutumin da ya yi shekaru yana neman wannan magana, sai na ga ya kau da kai. Ya miƙe zumbur, ya yi tuntuɓe da buta, ya fice daga ɗakin kamar an kore shi. Na kira shi bai waiwayo ba. Ban iya bin sa ba, don hannun yayana na riƙe da zanena. Bayan magariba rai ya yi halinsa. Aka kwana da shi, da safe aka yi salla, ɗana ya yi shirun da na gaya muku a gaban liman da duk gari.

Ban yi masa magana ba har aka yi sadakar uku. In ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. A zuciyata na ce ashe na raini mai riƙo, ashe uban ya fi shi, tunda shi ya karya kunyarsa a bakin kabari. Da baƙi suka watse, ina zaune ina tsince shinkafar da ta rage, sai ga shi ya shigo ya tsuguna nesa da ni. Na ce in gaisuwa ce an yi, in kuma magana ce ya makara.

Ya ce, "Goggo, da ya kira sunana, ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ban san haka abin yake da nauyi ba. Na so in amsa, bakin ya ƙi." Ya ce da ya fita bai yi nisa ba. Zagayawa ya yi bayan ɗakin, kamar yadda uban ke tsayawa bayan nawa ɗakin da asuba lokacin da shi yake jinya, ya kafa goshi a bango daidai kan gadon, ya ce na yafe, Baba, na yafe, duniya da lahira. Ya ce ranar jana'iza kuwa, da liman ya tambaya, ya kasa jefa tasa yafiyar cikin ta jama'a kamar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Sai ya ɗago, ya dube ni da idon nan guda, ya ce, "Ke kina ciki. Ya ji?"

Na so in ce masa ya ji. Amma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, kuma na gama ɗaukar saƙon da ba a ba ni ba. Na ce masa ni ban ji komai ba, kunnena ya tsufa, bangon kuma yana da kauri. Abin da na gani kawai zan faɗa. Bayan fitarsa da kaɗan, ubansa ya saki zanena, ya sa hannu ya yaye mayafin daga fuskarsa, ya juya kai wajen bangon nan. Bai ƙara rufe ta ba. Haka ta zauna a buɗe har ni na shafe masa ido.

Ɗana ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya kifa kai a gwiwata, ƙaton magidanci, ya yi kukan da bai yi ba ranar da idon ya fashe.

Wanda duk zai ba da labarin maƙerin Illela da idon ɗansa, don Allah ya haɗa da wannan. Allah ya jiƙan yayana, ya sauke masa abin da ya ɗauka, ya haskaka masa inda yake kwance. Mu da muka rage, Allah ya buɗe mana baki tun masu jinmu suna da rai.